Sinadarin da ke Fito da Launi a Wankin Hoto

Hausawa na cewa an “wanke” hoto, kamar dai ruwa ne ke yin aikin. A gaskiya wani sinadari ne, wanda masu sana'ar ke kira CD-4. Shi ne ginshiƙin tsarin C-41 da kamfanin Kodak ya ɓullo da shi a 1972, wanda kuma da shi aka wanke akasarin fina-finan hoto masu launi har zuwa lokacin da kyamarar dijital ta karɓe kasuwa. Asalin dabarar ta wani Bajamushe ce, Rudolf Fischer, wanda ya yi mata rajista a 1912.

Fim ɗin yana da shimfiɗu uku: ɗaya na kama hasken shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja. Kowace tana ɗauke da ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan aka tsoma fim a cikin ruwan sinadarin, sai ya mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa zuwa azurfa. A wajen wannan aiki shi ma sinadarin yakan canza, nan take ya haɗu da wani abokin haɗi da aka riga aka binne a shimfiɗar, su haifar da rini. Shimfiɗar shuɗi takan ba da rawaya, ta kore ja mai garin shunayya, ta ja kuwa shuɗi mai ratsin kore. Daga nan sai a cire azurfar kakaf, rinin kaɗai ya rage. Wannan ne ya sa launuka ke zama a birkice a jikin dodon hoto.

Sinadarin ba ya son wasa. Ƙa'idarsa minti 3 da daƙiƙa 15 a zafin digiri 37.8 na ma'aunin Salshiyas; da an kauce, launuka sun karkace. A ƙasashen Turai dumama ruwan ake yi. Amma a Sabha da ƙauyukan Fazzan irin su Samnu, ko a Sakkwato cikin Afrilu, inda zafin rana ke wuce digiri 40, sau da yawa sanyaya shi ne aikin. Zafi da iska kuma suna saurin kashe ƙarfinsa.

Akwai wata dangantaka da ya kamata a sani. CD-4 daga dangin sinadarin PPD ya fito, wato wanda ke cikin baƙin rinin gashi da ake yi wa amare zane da shi a maimakon lalle. Duka biyun suna iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburin fata, kuma da zarar jiki ya ƙi su, ƙin yakan zauna har tsawon rayuwa. Mai wanki da hannunsa ya kamu, da wuya ya sake taɓa ruwan ba tare da safar roba ba.