Yanka ƙofa a shimfiɗar kankare

Yanka ƙofa a shimfiɗar kankare aiki ne na huda dekin gini bayan an riga an zuba shi ya bushe. Ana yin sa idan za a ƙara matakala, ko lif, ko bututun ruwa da na iska. Aikin yana canza hanyar da nauyi yake bi zuwa ginshiƙai, shi ya sa ba a fara shi sai injiniyan gini ya yi lissafi.

Yadda dekin yake ɗaukar nauyi

Kankare yana jure danniya sosai, amma ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Rodin da ke cikinsa shi ne yake ɗaukar ja. A tsakiyar dekin rodin ƙasa ne ke aiki, a kan bim da ginshiƙi kuwa na sama ne. Duk rodin da aka yanke, nauyin da yake ɗauka yana komawa kan na kusa da shi.

Akwai dekin da ke kai nauyi ta fuska ɗaya, tsakanin bim biyu. A irin wannan, ƙofar da tsawonta ya bi layin manyan rodi ta fi sauƙi, domin kaɗan za ta yanke. Akwai kuma mai kai nauyi ta fuska biyu, wanda rodinsa na kowane ɓangare yake da muhimmanci.

Wuraren haɗari

Wurin da ya fi haɗari shi ne kusa da ginshiƙi, musamman a dekin da ya zauna kan ginshiƙai kai tsaye ba tare da bim ba. Idan aka rage kankaren da ke kewaye da ginshiƙin, yana iya huda dekin ya faso sama, kuma hakan yakan faru nan take. Irin wannan karyewa ce ta rushe kantin Sampoong a birnin Seoul ranar 29 ga Yuni, 1995, inda mutum 502 suka mutu. Ƙa'idar gini ta Turai, Eurocode 2, ta ce a rage ƙarfin da ake lissafawa idan ƙofa ba ta yi nisan da ya wuce ninki 6 na zurfin rodin dekin daga ginshiƙi ba.

Wasu dekin kuma suna ɗauke da igiyoyin ƙarfe da aka ja da ƙarfi bayan kankare ya bushe. Yanke irin wannan igiya yana raunana dekin tsawon layinta, kuma tana iya fizgewa ta ji wa ma'aikaci rauni.

Matakan aiki

Da farko ana duba zanen ginin na asali, sannan a bi wurin da na'urar rada domin gano rodi, igiyoyi, wayoyin lantarki da bututu. Bayan haka sai a tokare dekin daga ƙasa, har da yankin da za a cire. Mita ɗaya murabba'i na dekin mai kaurin milimita 150 yana kai kusan kilo 360, don haka ba a barin sa ya faɗo.

Ana fara huda kusurwoyi huɗu da na'urar haƙa mai zagaye, sannan a haɗa su da zarto mai haƙoran lu'ulu'u. Wannan yana hana zarton wuce iyaka, kuma kusurwa mai lanƙwasa ba ta saurin tsagewa. Fasawa da guduma yana girgiza kankare, ya raba shi da rodi. Ana zuba ruwa lokacin yanka domin kwantar da ƙura mai cutar da huhu.

Ƙarfafa gefen ƙofa

Ƙaramin rami da ya faɗa tsakanin rodi biyu galibi ba ya buƙatar ƙarin ƙarfi. Babbar ƙofa kuwa ana kewaye ta da bim na ƙarfe ko na kankare, wanda zai kai nauyi kan bango ko ginshiƙi. Wata hanyar ita ce manna faranti na ƙarfe ko zaren kabon a ƙarƙashin dekin. Ana rufe bakin rodin da aka yanke don kada ya yi tsatsa, kuma ba a cire tokara sai ƙarfafawar ta kammala.