Sagewar Ƙafa: Yadda Rubutun Likita Ke Zama Kuɗi Ko Asara A Tsarin Inshorar Lafiya

Mutumin da ya je asibiti yana kukan cewa ƙafarsa ta sage, ko yana jin kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa, ba ya sanin cewa kukan nasa zai koma harafi ɗaya da 'yan lambobi kafin a biya kuɗin jinyarsa. A kan waɗannan lambobi ne asibiti da kamfanin inshora ke yin lissafi, kuma da su ne gwamnati ke sanin cututtukan da ke damun jama'arta.

Lambobin sun fito ne daga kundin rarraba cututtuka na duniya da ake kira ICD. Asalinsa jerin musabbaban mutuwa ne da Bafaranshen nan masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya gabatar a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar kundin a 1948. An amince da bugu na 10 a 1990, aka soma aiki da shi a 1994. Bugu na 11 kuwa an amince da shi a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, sai dai ƙasashe da dama suna ci gaba da amfani da na 10 yayin da suke shirin sauyawa.

A bugu na 10, sagewar ƙafa tana ƙarƙashin harafin R, wato babin alamomin ciwon da ba a kai ga gano musabbabinsu ba. Lamba R20.0 tana nufin fata ta daina ji gaba ɗaya. R20.1 tana nufin jin ya ragu. R20.2 kuma ita ce ta wanda ke jin tsira ko yawon kiyashi a fata. Babu ɗaya daga cikin ukun da ta ambaci ƙafa, balle ta faɗi dama ce ko hagu. Bayanin da likita ya rubuta a katin majinyaci ne kaɗai ke cike wannan giɓi.

Ka'idar kundin ita ce, ana amfani da lambar alama ne idan ba a gano cutar da ta haifar da ita ba. Da zarar an gano cutar, sai a koma ga lambarta. Sagewa kuwa tana da musabbabai masu yawa. Idan ciwon sukari nau'i na 2 ne ya lalata jijiyoyi, lambar ita ce E11.4. Idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ne ya zame ya danne jijiya, M51.1 ce. Ciwon babbar jijiyar da ke sauka daga ƙugu ta bayan cinya yana da M54.3. Lalacewar jijiyoyi sakamakon shan magani tana da G62.0, kuma an san maganin tarin fuka na isoniazid da haddasa hakan, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Kuturta, wadda ita ma ke kashe jin fata, tana ƙarƙashin A30.

Saboda haka ne ake buƙatar rubutun likita ya amsa wasu tambayoyi. Wace ƙafa ce, ko duka biyun? Daga ina sagewar ta fara, a ina ta tsaya? Yaushe ta soma, kuma farat ɗaya ta zo ko sannu a hankali? Akwai raunin ƙafa, ko ciwon baya, ko gyambo? Waɗanne magunguna majinyacin ke sha? Me gwajin sukari ya nuna, kuma me aka gani da aka taɓa tafin ƙafar da siririn tsinken gwaji? Amsoshin suna da ma'ana ga likita. Sagewar da ta kama ƙafafu biyu daga yatsu tana hawa sama kamar safa takan nuna ciwon sukari ko ƙarancin bitamin B12. Wadda ke bin ƙafa ɗaya daga ƙugu takan nuna matsalar ƙashin baya. Wadda ta zo farat ɗaya a ɓarin jiki guda, ko wadda ta kama tsakanin cinyoyi tare da matsalar fitsari, tana buƙatar a garzaya asibiti nan take.

Ma'aikacin da ke sanya lambobi ba shi da hurumin ƙirƙiro abin da likita bai rubuta ba. Idan katin ya nuna sagewar ƙafa a wani shafi, ciwon sukari kuma a wani shafin, ba tare da likita ya danganta su ba, to ma'aikacin zai iya tsayawa a kan lambar alama kawai.

A nan ne batun ya shafi kuɗi. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan 'yan Nijeriya. A tsarin da aka ɗora shirin a kai, ana biyan asibitin matakin farko wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Jinyar mataki na 2, kamar ganin ƙwararren likita da manyan gwaje-gwaje, ana biyan ta ne aiki bayan aiki, bayan kamfanin da ke tsakani, wanda ake kira HMO, ya ba da izini.

Kamfanin ba ya ganin majinyaci, takarda kawai yake gani. Idan asibiti ya nemi izinin ɗaukar hoton ƙashin baya mai tsada alhali takardar ba ta nuna komai ba sai sagewar fata, kamfanin yana da hujjar neman ƙarin bayani ko ƙin biya. Asibiti ya shiga jira, majinyaci kuma ya shiga aljihunsa, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya ke fitowa kai tsaye daga aljihun jama'a. Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren: asibitin da ya sanya lambar cuta mai tsanani fiye da abin da katin ya nuna, domin ya sami kuɗi mai yawa, ya aikata zamba, kuma irin wannan ɗabi'a ce ke tsiyata asusun inshora.

Amurka ta yi nisa a wannan fanni. Tun ranar 1 ga Oktoba, 2015 take amfani da nata gyararren bugu mai lambobi kusan 70,000, inda ciwon jijiyar ƙugu na dama yake da M54.31, na hagu kuma M54.32. 

Asarar da ta fi girma ita ce ta majinyacin kansa. Mai ciwon sukarin da ƙafarsa ta daina ji yana iya taka ƙusa bai sani ba, raunin ya zama gyambo, gyambon ya kai ga yanke ƙafa. Ga manomi ko direba ko ɗan dako, wannan na nufin rasa hanyar cin abinci. Katin da ya faɗi a sarari cewa sukari ne ya taɓa jijiya zai sa likitan da ya biyo baya ya duba ƙafar a kowace ziyara. Haka kuma alkalumman da asibitoci ke aikawa ma'aikatar lafiya daga waɗannan katuna ake tattara su, kuma a kansu ake gina kasafin kuɗi.

Abin da ya rage ga masu asibitoci shi ne horar da ma'aikatan adana bayanai da ba likitoci lokacin yin rubutu cikakke. Shi kuwa majinyaci, ya kamata ya faɗa wa likita ƙafar da abin ya shafa, da lokacin da ya soma, da duk maganin da yake sha.