Ƙafar da ke ɗauke da murya: Daga tulun Zumuntar Mata zuwa tsohon dabul-bas na Turai

A majami'un Manchok da ke Ƙaramar Hukumar Kaura, da sauran garuruwan Kudancin Kaduna har zuwa Kafanchan, idan Zumuntar Mata ta tashi waƙa, tulu ne ke riƙe da gindin kiɗan. Sai dai mai kaɗa shi ba ta dire shi a kan tsurar siminti. Sai ta fara ɗora shi a kan gammo. In babu gammon, tulun zai riƙa gocewa, amonsa kuma ya shaƙe.

Abin da matan suka sani shi ne, wurin da kayan kiɗa ya taɓa ƙasa yana da hannu a cikin muryarsa. A kan wannan batu ne makaɗa da masassaƙa a Turai da Amurka suka daɗe suna ja-in-ja game da dabul-bas, wato babba a dangin gogen Turawa, wanda tsayinsa ya kusa mita biyu, ake kuma kaɗa shi a tsaye.

Aikin ƙafar

Dabul-bas yana tsayawa ne a kan ƙafa ɗaya tal, wani siririn sanda da ke fitowa daga gindinsa. A cikin cikinsa akwai guntun gungume da aka manne, a nan aka huda ramin da ƙafar ke shiga. Wuyan wannan rami ne kuma ake ɗaure igiyar da ke riƙe da dukkan tsirkiyoyi.

Wanda ya san gogenmu na gida zai gane tsarin nan take. Sandan goge yana ratsa ƙwaryar ya ɓullo ta ƙasa, a wannan ɗan tsinin ake ɗaure izgar bayan ta haye kan jaki. Bambancin shi ne, mai goge a jikinsa yake riƙe shi, shi kuwa dabul-bas tsininsa ne ke dafa ƙasa. Saboda haka wuri guda ke ɗaukar kaya biyu: nauyin gangar jikin, da kuma jan tsirkiyoyin ƙarfe huɗu wanda ya haura kilo 100.

Nauyi a hannun makaɗi

Ƙafar da aka saba da ita miƙaƙƙiya ce, daga tsakiyar gindi take fitowa. Da zarar makaɗi ya karkato gogen zuwa jikinsa don ya kai ga manyan muryoyi, nauyin ya bar kan ƙafar ya koma kan babban yatsansa na hagu da kafaɗarsa. Shekaru ana haka, sai ciwon baya da na wuyan hannu su biyo baya.

François Rabbath, makaɗin da aka haifa a birnin Aleppo na Siriya a 1931 ya kuma yi suna a Faransa, shi ne ya yaɗa amfani da karkatacciyar ƙafa. Masassaƙin Faransa Christian Laborie ya ɓullo da dabarar huda sabon rami a gungumen gindi, a karkace zuwa baya da kusan digiri 45. Da haka inda ƙafar ta dafa ƙasa ya dawo daidai ƙarƙashin nauyin, gogen ya tsaya a jingine ba tare da ya danne mai shi ba. Tun kafin nan, Paul Tortelier ya yi irin wannan a celo, ƙanen dabul-bas, Mstislav Rostropovich kuma ya bi sahunsa.

Inda amo ke bi

Tsirkiya mafi kauri a dabul-bas tana girgiza sau 41 kacal a daƙiƙa ɗaya. Irin wannan amo mai zurfi ba ta iska kaɗai yake fita ba, wani kaso yana gangarawa ta ƙafar ya shiga daɓe. Dandamalin katako mai rami a ƙarƙashi yakan amsa ya ƙara wa kiɗan kauri, siminti kuwa kusan ba ya amsawa.

Tsawon ƙafar da abin da aka yi ta da shi su ma suna da tasiri. Siririn ƙarfe da aka zaro da yawa yakan yi lilo ya shanye wani ɓangare na girgizar, wanda bai zauna daram a raminsa ba kuma ya riƙa kaɗawa yana ɓata sauti. Shi ya sa wasu suka koma ga ƙafar itace ko ta zaren kabon mara nauyi. Masu karkatacciyar ƙafa suna kafa hujja da cewa tunda bayan gogen ya rage manne wa jikin mutum, ya fi samun sararin girgiza.

Ramin da ba ya gogewa

Matsalar tana tsananta ne idan gogen tsoho ne. Domenico Dragonetti, wanda ya rasu a 1846, ya yi kiɗa da wanda Gasparo da Salò ya sassaƙa a Brescia ta Italiya, yau yana ajiye a majami'ar San Marco da ke Venis. Na Giovanni Bottesini kuwa Carlo Antonio Testore ne ya yi shi a 1716, tsirkiya uku yake kaɗawa a kansa. An yi irin waɗannan ne don tsirkiyar hanjin dabba mai sassauci, a zamanin da ake dire su a ƙasa ko a kan gajeren turken itace. Daga baya aka ƙara wa da yawansu tsirkiya ta huɗu, aka kuma ɗora musu ta ƙarfe.

Gungumen da ya shekara 300 yana shan wannan ja, wani ma gara ta taɓa shi, huda masa rami na biyu ba wasa ba ne. Yana iya tsagewa, kuma ko an toshe ramin, tabon yana nan yana rage darajar kayan. Wasu sukan lanƙwasa ƙafar su sa ta a tsohon ramin, amma ita ma tana murɗa wuyan ramin a hankali. Makaɗi na neman lafiyar bayansa, masassaƙi na neman ya miƙa amanar ga na baya yadda ya same ta, kowa da gaskiyarsa.

Ga majami'u da makarantun kiɗa a Najeriya da ke sayo irin waɗannan kaya na gwanjo, akwai ƙarin barazana: hunturu yana busar da katako, ramin ƙafa ya saki, manne ya ɓalle. Kafin a kira kafinta da abin huda, a fara duba ko ƙafar ta zauna daidai, a rage tsawonta, a gwada ɗora ta a kan faffaɗan katako maimakon siminti. Duk waɗannan ana iya warware su gobe idan ba su yi ba, rami kuwa in an huda an huda ke nan.