Kafin Ka Ɓuya a Intanet, San Idon da Kake Gudu

A ranar 5 ga Yunin 2021 kamfanonin sadarwa suka toshe Twitter bisa umarnin Gwamnatin Tarayya, ba a kuma buɗe ta ba sai 13 ga Janairun 2022. A waɗannan watanni bakwai ne VPN ta shiga bakin samarin Kaduna, daga Kawo har Tudun Wada. Wanda bai iya sakawa ba sai ya miƙa wayarsa ga masu gyara a titin Ahmadu Bello. Manhajar ta biya buƙatar lokacin, sai dai ta bar mutane da zaton cewa duk wanda ya kunna ta ya ɓace ke nan, babu mai ganinsa. Wannan zato ya fi rashin sani haɗari, domin wanda ya ɗauka ba a ganinsa yakan saki baki. Kowane kayan ɓuya abu ɗaya yake rufewa, kuma daga wani ido ɗaya. Saboda haka saita shi yana farawa ne da tambaya: me nake son rufewa, kuma daga wa?

Idanun da ke kallon mai waya kala-kala ne. Akwai kamfanin layinka, wanda tun Disambar 2020 aka wajabta masa haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta umarce shi ya adana bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da shi har shekara biyu. Akwai shafukan da kake shiga, masu ganin adireshin IP ɗinka, masu gane na'urarka ta girman fuskarta da irin saitinta. Akwai kuma na kusa: mai shagon intanet, abokin aiki, ko wanda ya ari wayarka. Shafin sirri na Chrome na kusan nan kawai yake makantarwa, tunda abin da yake yi kawai shi ne hana na'ura ajiye tarihin inda ka shiga. Kamfanin layi da shafukan suna nan suna kallo. Ita kuwa VPN, amanarka take ɗaukewa daga hannun MTN ko Airtel ta damƙa wa kamfanin da ya yi ta. Shi ya san ko kai wane ne, ya san inda ka shiga, kuma idan kyauta yake ba ka, ya kamata ka tambayi kanka da me yake biyan ma'aikatansa.

Wannan giɓin ne Tor ta zo cikewa. Dabarar ta samo asali ne a cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990, aka fitar da Tor a 2002, sannan a 2006 aka kafa ƙungiya mai zaman kanta da ke kula da ita. Maimakon saƙonka ya tafi kai tsaye, sai a lulluɓe shi sau uku, ya ratsa zango uku na kwamfutocin 'yan sa-kai da ke warwatse a duniya, kowane zango ya yaye lulluɓi ɗaya. Zangon farko ya san daga wurinka saƙon ya fito, amma bai san inda ya nufa ba. Na ƙarshe ya san inda ya nufa, bai san mai shi ba. Na tsakiya bai san ko ɗaya ba. Hikimar ita ce ba a buƙatar ka amince da mutum ɗaya, domin babu zangon da ya riƙe labarin gaba ɗaya.

Saita ta ba wuya, kiyaye ƙa'idojinta ne aikin. A sauko da Tor Browser daga shafin ƙungiyar ko rumbun Google Play, kada a karɓa ta Xender daga wayar aboki, tunda ba a san hannun da ta ratsa ba. Kada a ƙara mata wasu ƙananan manhajoji, kada a yi ta sauye-sauyen kamanninta. Kariyarta tana cikin yadda duk masu amfani da ita suke kama da juna, wanda ya yi wa tasa ado ya fita daban. Tana da matakan tsaro uku, kuma mai aiki mai haɗari ya hau na sama, ko da wasu shafukan za su ƙi buɗewa sosai. Kamfanin layi ba ya ganin inda ka shiga, amma yana ganin cewa Tor kake amfani da ita. Wanda hakan ma zai jawo masa ido sai ya kunna gada, irin obfs4 ko Snowflake, da ke sauya kamannin zirga-zirgar. Uwa-uba, kada a shiga Facebook ko Gmail na ainihi a zaman da ake son ɓuya. Wanda ya rubuta sunansa da hannunsa, zango dubu ba zai ɓoye shi ba.

Burauza kaɗai ba ta isa ba idan ita kanta kwamfutar tana da ɓarawo a ciki, shi ya sa aka ƙera manyan manhajojin tafiyar da kwamfuta domin sirri. Wadda ta fi dacewa da yanayinmu ita ce Tails, da ta fito a 2009, ta kuma haɗe da ƙungiyar Tor a 2024. Ana ɗora ta a filashi mai gigabait 8 ko fiye, a tayar da kwamfuta daga kansa ba tare da taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. Duk haɗinta da intanet ta Tor yake bi, kuma da an kashe ta ta manta komai, sai abin da aka ajiye a ma'ajiyarta mai kalmar sirri. Da ita 'yan jaridar da suka karɓi takardun sirri daga hannun Edward Snowden a 2013 suka yi aiki. Ga ɗan jarida ko ɗalibin Kaduna Polytechnic da ke raba kwamfuta ɗaya da mutum biyar, wannan babban abu ne. Whonix da Qubes suna raba kwamfuta ɗaki-ɗaki don kada ɓarnar wani sashe ta shafi wani, amma suna son na'ura mai ƙarfi. GrapheneOS kuwa a wayoyin Pixel kawai take aiki, alhali Tecno da Infinix da Itel ne suka cika aljihunmu.

Duk da haka, baki shi ke yanka wuya. A Disambar 2013 wani ɗalibin Jami'ar Harvard ya aika barazanar bam ta ƙarya ta hanyar Tor don ya guje wa jarrabawa. Jami'ar ta duba waɗanda suka hau Tor a kan intanet ɗinta a wannan lokacin, aka kama shi ba tare da an fasa komai ba. Hoton da ka ɗauka yana iya ɗauke da bayanin wuri da lokaci, salon rubutunka ma shaida ne a kanka. Kiran waya da saƙon tes ba sa bi ta Tor, kuma muddin layi na cikin waya, turakun sadarwa sun san unguwar da take. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoton yadda 'yan sandan Najeriya suka bi bayanan kiran waya suka kamo 'yan jarida. Sannan lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse sabis a wasu yankuna a ƙarshen Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, babu manhajar da ta yi wa kowa rana.

Wani zai ce mai gaskiya ba ya ɓuya. Amma Bahaushe bai taɓa zama a kan wannan ƙa'ida ba: yana kewaye gidansa da katanga, yana tsayar da baƙo a zaure, ba don yana aikata laifi a ciki ba. Addini ya hana bin diddigin asirin mutane, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da zancen waya, kuma a 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a. Masu buƙatar rufin asiri ba su da wuyar samu: matar da ke neman bayani a kan ciwon da take jin nauyin faɗa, ma'aikacin da ya ga ana satar kuɗin jama'a, ko wanda manhajar bashi ta kwashe lambobin wayarsa ta bi 'yan uwansa da saƙon tozarci. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: miyagu ma suna amfani da waɗannan kayan. Gaskiya ne, akwai kasuwannin ƙwaya da na bayanan sata a ɓoyayyun shafuka. Sai dai masu garkuwa da mutanen da suka addabi hanyar Birnin Gwari da ta Abuja da wayar hannu suke cinikin kuɗin fansa, ba su jira Tor ba. Hana ta zai bar mugu da sauran hanyoyinsa, ya tuɓe mai rauni. Kuma BBC da kanta ta buɗe shafi a kan Tor a 2019 domin masu karatu a ƙasashen da ake toshe labarai. Batun jinkiri kuwa, zango uku ba zai yi saurin hanya ɗaya ba, kuma ba don kallon fim aka yi ta ba.

Abin da ya rage shi ne kowa ya auna damuwarsa. Ɗan kasuwar da ke Kasuwar Sheikh Gumi, wanda tsoronsa 'yan damfara ne, ya fi buƙatar kulle waya, kalmar sirri mai ƙarfi, tabbatarwa mai mataki biyu, da hana manhajoji shiga lambobinsa. Mai son karatu ba tare da an bi sawunsa ba, Tor Browser ta ishe shi. Wanda aikinsa zai iya jefa shi ko majiyarsa cikin haɗari, shi ne zai koyi Tails tun kafin buƙata ta taso, ya raba aikin da layinsa na yau da kullum, ya kuma bar wayarsa a gida ranar ganawa.