Mage a ɗakin littafi: Mai gadin da malaman Sakkwato ba sa biya albashi

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin littattafan gado ya tarar ɓera ya riga shi, ya san irin takaicin da ake ji. Littafin da aka buga a inji ana iya zuwa kasuwa a sayo wani. Amma wanda kaka ya kwafa da hannunsa, idan ɓera ya ci rabin shafi, sai dai haƙuri.

Wannan damuwa ba ƙarama ba ce a Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce. Akwai kwafin wasu a Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma da yawa suna nan a gidajen malamai, cikin gafaka da akwatuna.

A irin waɗannan gidaje, kamar yadda yake a shagunan sayar da littattafai na kasuwa, ɗakin littafi ba ya nisa da buhun hatsi. Ɓera kuwa yana gurgurar fatar gafaka, yana yayyaga takarda ya yi sheƙa da ita, fitsarinsa kuma ya ɓata abin da ya rage. Saboda haka mage, wadda wasu ke kira kyanwa ko mussa, ta samu wurin zama kusa da malami.

Addini bai kore ta ba

A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantarwa a zaurukan Sakkwato, akwai hadisin Abu Ƙatada da ke nuna cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Bukhari da Muslim kuma sun rawaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare mage har yunwa ta kashe ta. Hatta laƙabin Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo asali.

Duk da haka, camfin da ke danganta baƙar mage da mayu ko aljanu yana sa wasu yara jifan ta duk inda suka gan ta.

Al'ada ce da ta zagaye duniya

A Alƙahira, Sarki Baibars ya yi waƙafin wani lambu domin ciyar da kyanwoyi tun a ƙarni na 13. A Rasha, Sarauniya Elizabeth ta ba da umarni a 1745 a kawo kyanwoyi daga birnin Kazan domin su yi maganin ɓerayen fadarta. Fadar ce ta zama gidan tarihi na Hermitage, kuma har gobe ana kiwon su a can.

A Amurka kuwa, a watan Janairun 1988 ma'aikatan ɗakin karatu na garin Spencer da ke Jihar Iowa sun tsinci ɗan muzuru a akwatin mayar da littattafai, sanyi ya kusa hallaka shi. Suka raɗa masa suna Dewey, ya zauna tare da masu karatu har ya mutu a 2006. Littafin da aka rubuta a kansa a 2008 ya yi kasuwa sosai.

Mai gadi ma takan yi ɓarna

Sai dai ba a sakar wa mage ɗaki a tafi barci. A ma'ajiyar tarihi ta Dubrovnik da ke Kuroshiya akwai wani kundi na ƙarni na 15 da ke ɗauke da sawun mage, bayan ta taka tawada ta bi ta kan shafi. A garin Deventer na ƙasar Holan, wani mai kwafar littafi a wajajen 1420 ya wayi gari ya tarar mage ta yi fitsari a kan aikinsa. Sai ya tsallake wurin, ya rubuta gargaɗin kada a riƙa barin littafi a buɗe da dare.

Wannan gargaɗi ya fi shafar Sakkwato, domin littattafanta na dā ba a ɗinke suke ba. Falle-falle ne ake jerawa a ɗaure cikin fata, tsalle ɗaya ya isa ya hautsina su. Tawadar gargajiya kuma ana haɗa ta da ƙaro, da ta ji danshi sai ta dame.

Sannan akwai maƙiyan da suka fi ƙarfin mage: gara da kyankyaso da yoyon damina da ƙurar hunturu. Maganinsu shi ne a ɗaga akwati daga ƙasa, a janye shi daga jikin bango, a riƙa buɗewa ana kaɗe ƙura, a kuma ɗauki hoton kowane shafi ko da da wayar hannu ce.

Ita ma magen tana da haƙƙi. Tana buƙatar abinci da ruwa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu, da allurar rigakafi a asibitin dabbobi. Wanda ke kiwon ta kuma ya guji zuba maganin ɓera, domin idan ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma tana iya bin sa, ɗakin littafin ya koma hannun ɓeraye.