A Kula da Sarƙar Ɗaga Inji

Potiskum gari ne na manyan motoci. Makanike a Yerimaram ko wata unguwa, da sarƙa da ƙugiya yake ciro injin tirela, sau da yawa kuwa yaronsa yana ƙarƙashi. Sarƙa ba ta sallama kafin ta tsinke.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta gwani ya binciki sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya aƙalla sau ɗaya cikin wata 6. Duk da haka wajibi ne maigida ya duba da idonsa kowace safiya. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe a yar da ita, kada a daidaita ta da guduma. Sarƙar da ta tsage ba a yi mata walda, sai a sake sabuwa. Kada kuma a zarce nauyin da aka rubuta a jikinta.