Fayil biyu, ina aka yi gyaran?

Mun san yadda ake yi a aikin rukuni. Mu tura wa abokinmu rubutu ya duba, ya dawo da shi ya ce, "Ɗan gyara kaɗan na yi." To, a ina? Cikin shafi goma, da wuya ido ya kama inda 1960 ta koma 1966, kuma irin wannan ne ke cinye mana maki.

Microsoft Word na iya gano mana. A kwamfuta, mu shiga Review, mu danna Compare. Zai nemi fayil biyu: na asali a hagu, wanda aka gyara a dama. Mu kula a nan, domin idan muka juya su, abin da abokinmu ya ƙara zai fito kamar gogewa ya yi.

Sai Word ya fitar da takarda ta uku, ba tare da ya taɓa biyun farko ba. Kalmar da aka cire za ta fito da layi a tsakiyarta, wadda aka ƙara kuma da layi a ƙarƙashinta. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya: Accept ga gyaran da muka yarda da shi, Reject ga wanda ba mu so.

Masu amfani da Google Docs kuma su duba Tools, su zaɓi Compare documents.